Yadda ake haɗa faifan waƙar da ba ta da ubangida

Tun da faifanmu ya fara yawo a wayoyin masu babur a nan Garwa, ba a kwana uku wani yaro bai tsaya a shagona na gyaran waya da ke Yelwa ya tambaye ni yadda muka yi shi ba. Wasu har daga Marwa da Ngaundere suke aiko saƙo. Na gaji da maimaita magana ɗaya ina riƙe da ƙarfen narka dalma, shi ya sa na zauna na rubuta. Waƙoƙi tara ne, minti 21 duka-duka, mu huɗu muka yi su a ɗakin ajiyar kaya na kawuna a daminar 2025, muka sake su wata guda kafin zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba. Ba wanda ya ba mu ko dala.

Sunan kiɗan pank. Innata ba ta yarda ba, ita fanke take cewa. In ta ga na rataya gita sai ta ce, "Yau ma suyar fanken za a je?" Na daina gyara mata. Kiɗan ya tashi ne a tsakiyar shekarun 1970 a Landan da New York, a hannun samarin da ba su wani iya kiɗa ba: gita mai gurnani, ganga mai gudu, waƙar da ba ta wuce minti biyu ko uku. A cikinsu aka samu wani reshe na masu cewa jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ba sarki, ba shugaba, ba jam'iyya, su ne ake kira 'yan anakis. Wani ɗalibi ɗan kudu da ya kawo mini gyaran waya shi ya tura mini wani faifansu, Never Mind the Ballots, wato kamar a ce "rabu da akwatin ƙuri'a". Ƙungiyar Chumbawamba ta garin Leeds ce ta fitar da shi a 1987 a ƙarƙashin ɗan kamfanin kanta, shekarar da Margaret Thatcher ta ci zaɓe karo na uku. Turancina na gyaran waya ne, amma da yaron ya fassara mini sunan wata waƙa a ciki, wai 'yan takara sun gano ashe bakinsu ɗaya, sai na ce wannan ai a Garwa aka rubuta ta. An haife ni a 1989. Paul Biya ya hau mulki ranar 6 ga Nuwamba 1982. Ban taɓa ganin hoton wani a bangon ofis ba.

Kafin ka taɓa tsirkiya, ka yanke magana ɗaya da abokan aikinka: ba za ku yi ubangida ba. A wajenmu wannan ya fi koyon kiɗan wuya, don mu Hausawa mun gaji waƙa ce da ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, marigayi Shata yana da alhazan da yake wasawa, mawaƙin yau yana da ɗan takararsa. Ban ce abin kunya ne ba, sana'a ce mai tarihi. Amma in ita kake so, ba wannan rubutun za ka karanta ba. Gwajin da muka ajiye wa kanmu shi ne motar kamfen. Duk waƙar da muka gama, sai mu tambayi juna: akwai jam'iyyar da za ta iya sa wannan a lasifikar motarta ta zaga unguwar Roumdé Adjia ba tare da ta ji kunya ba? In akwai, waƙar ba ta nuna ba, a mai da ita kan wuta.

Za a zo maka da kuɗi, kuma ba da muguwar fuska za a zo ba. Mako biyu da fitar faifanmu wani dattijo da ke yi wa wata jam'iyyar adawa aiki ya zo shagon. Na san shi tun ina yaro, da mahaifina suke sahu ɗaya a masallaci. Na durƙusa na gaishe shi, na aika a kawo shayi. Ya ce, "Ɗana, na ji aikinku, kun faɗi gaskiya. Baiti ɗaya kawai za ku ƙara a ƙarshe, ku ce wa mutane ga wanda za su zaɓa." Ya ajiye ambulan a kan teburin gyara, tsakanin batura da suka kumbura. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma. In na karɓa, gobe kuka hau kujera, da wane baki zan yi magana?" Ya yi dariya ya ce yaran yanzu ba su san duniya ba. Ban buɗe ambulan ɗin ba, amma kaurinsa ya hana ni barci kwana biyu, ga kuɗin hayar shago na bina. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gara ku yi wannan musun tsakaninku tun ba a ajiye muku ambulan ba. Ranar da aka ajiye, mai gangarku zai tuna yana da aure a gaba.

Sai rubutu. Yawancin yaran da ke kawo mini baitocinsu da manyan kalmomi suke farawa: zalunci, dimokuraɗiyya, 'yanci, cin hanci. Ba wanda ke jin zafin waɗannan, gidan rediyon gwamnati ma yana faɗarsu. Ka nemi abin da za a iya ɗagawa da hannu. Lokacin zaɓe me ke shigowa unguwarku? Buhun shinkafa, sandar sabulu, hula, jaka biyu a naɗe cikin takarda, atamfa mai hoton ɗan takara. Waƙarmu da aka fi nema daga igiyar shanyar Inna ta fito:

Atamfa yadi shida, fuskarsa sau goma,
Na wanke ta sau uku, fuska ta koɗe,
Shekara bakwai ina layin famfo.

Ba suna, ba jam'iyya. Kowace mace a Garwa ta san atamfar, kowa kuma ya san wa'adin shugaban ƙasa shekara bakwai ne. Habaici makaminmu ne tun kaka da kakanni, kuma ya fi ambaton suna cizo, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya tsargu shi zai tona kansa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. A Kamaru ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, cin mutuncin shugaban ƙasa ma yana da nasa sashe a kundin hukunta laifuka, ga dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014 da aka sha amfani da ita a kan 'yan jarida da masu zanga-zanga. Lapiro de Mbanga ya yi waƙa a kan gyaran tsarin mulki na 2008, wanda ya cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. An kama shi a watan Afrilu na shekarar, tuhumar da aka yi masa ta tarzomar Fabrairu ce a garinsu, amma masu kare haƙƙin mawaƙa sun ce waƙar ce sanadi. Ya yi shekara uku a kurkuku, ya fito a 2011, ya rasu a Amurka a 2014. Valsero, mawaƙin rap, ya zauna a tsare a Yawunde daga Janairu zuwa Oktoba 2019. Waɗannan sanannu ne, duniya ta yi musu kururuwa. Kai da ni, in aka ɗauke mu, Inna ce kaɗai za ta riƙa kai tuwo. Don haka kada ka ce wane ya saci kaza in ba ka da takarda a hannu. Kada ka kira mutane su ƙona ko su fasa. Kada ka taɓa ƙabilar kowa, a garin da Bafulatani da Bahaushe da Bafali da ɗan kudu ke shan shayi a benci ɗaya wannan wuta ce da ba za ka iya kashewa ba. Addini kuwa ka bar shi inda yake. Turawan da suka fara wannan kiɗan da yawansu sun haɗa coci da gwamnati sun zaga. Wannan nasu ne, ni ban ɗauko shi ba.

Ka ware waƙa ɗaya aƙalla ka juya bakin bindigar kanka. Mu da muke karɓar shinkafar fa? Mu da muke cika filin taro don an ce za a ba da kuɗin mai? Faifan da ke zagin 'yan siyasa kaɗai yana lallashin mai sauraro ne, shi ma wata irin fadanci ce.

A nan ne muka sha wuta. Muna da waƙa a kan dillalan unguwa, masu rubuta sunaye a littafi su kai wa manya, amshinta karin maganar nan ce, da ɗan gari akan ci gari. To ga yadda 2025 ta zo: Issa Tchiroma Bakary ɗan Garwa ne, ya ajiye muƙamin minista a watan Yuni ya tsaya takara, gari ya bi shi. Bello Bouba Maigari, wanda ya yi wa Biya firaminista daga 1982 zuwa 1983, shi ma ya bar gwamnati ya tsaya. Sai mutane suka ce da ɗan garinmu muke. Wani maƙwabcina ya daina amsa sallamata har bayan zaɓe, wani ya karɓe wayarsa ba a gama gyara ba. 'Yan jam'iyya mai mulki kuma suna cewa 'yan adawa ne suka saye mu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, musamman bayan an bayyana sakamako ranar 27 ga Oktoba, gari ya rikice, aka yi asarar rayuka. A waɗancan kwanakin ko kunna faifan ban yi ba. Amma in za ka yi wannan aikin ka sani ɓangarorin biyu za su ji haushinka, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Wannan amshin ya koya mana wani abu game da harshenmu. Pank gudu yake yi, bugu 180 a minti, uku a daƙiƙa ke nan. Hausa kuwa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya, gudu yana cinye su. Mai waƙarmu yana jan "ga" ɗin don ya cika bugu, sai garin zama ya koma garin tuwo. Da muka kunna wa kawu ya saurara sai ya ce, "To ku da kuke zagin masu rabon abinci, me ya kawo cin gari kuma?" Mun yi dariya, daga baya muka bar shi haka a amshi na ƙarshe da gangan, tunda duka biyun gaskiya ne. Amma sa'a ce. Ka karanta kowane baiti da baki, a hankali, kana buga cinya, ka ga inda doguwar gaɓa ta faɗa. In ta faɗa a gurbin gajeriya, canja kalmar, kada ka murɗe ta. Sannan ka sa wanda ba ya cikin ƙungiyar ya saurara ya maimaita maka abin da ya ji. In akwai Fulatanci ko Faransanci a baitin, a bar su, haka muke magana a kasuwa.

Kayan kiɗa ba su kai yadda kake tsoro ba. Gita ɗaya ta lantarki ta isa, ta hannu ma, mu tamu daga wani mai kiɗan coci muka saya. Yatsa biyu kake buƙata. Ɗora manuniya a kan tsirkiya mafi kauri, ɗora yatsan zobe a kan ta ƙasa da ita, gida biyu gaba (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan gitar), ka bugi waɗannan biyun kaɗai. A gida na biyar La ke nan, a na bakwai Si, in ka saki mai kaurin ka danne ta biyu a gida na biyu ka samu Mi. Waƙoƙinmu shida cikin tara da waɗannan ukun muka yi su. Gurnanin kuwa ba mu sayi na'urarsa ba. Ƙaramar amfilifaya na ciro daga wata tsohuwar rediyo, na ƙure mata murya har lasifikar ta fara karce sauti, shi ke nan. Wanda ya ce sai da kayan miliyan ake waƙa, ka tuna masa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya.

Ganguna ne matsala. Cikakken saiti na Turawa ba ma da shi, haya kuma tsada. Muka kifa babbar robar wanki ta zama uwar ganga, tiren shayi da muka zuba wa ƙusoshi ya zama ƙaramar ganga mai kacau-kacau, murfin tukunya a kan sanda ya cike sauran. Mun gwada kalangu a duk waƙoƙin, bai zauna ba, don kalangu magana yake yi, gita kuma tana danne masa baki. A waƙa ɗaya tak ya yi kyau, inda muka tsayar da komai na daƙiƙa goma muka bar shi shi kaɗai yana kirarin da ake yi wa manya, sannan gita ta faɗo masa a ka. Duk wanda ya ji wurin sai ya yi dariya, ba sai an fassara masa ba.

Wajen ɗauka, nemi ɗaki mai tarkace. Ɗakin da ba komai amsa-kuwwa yake yi. Na kawu cike yake da buhunan masara, muka jingina katifu biyu a bango, muka rataya bargo a ƙofa. Dole a kashe fanka, makirfo yana jin ta fiye da yadda kunnenka ke ji, shi ya sa ban ba ka shawarar Maris ko Afrilu ba, lokacin da zafin Garwa ke haura 40. Mu a Agusta muka yi, sai muka haɗu da ruwan sama a kan kwano. Mun zubar da ɗauka huɗu saboda shi, ta biyar muka bar ta da ruwanta. Lokacin da ya fi mana shi ne bayan sallar isha'i da kamar awa ɗaya, babura sun ragu, maƙwabta ba su kwanta ba tukuna. Ku gaya wa maƙwabta tun da rana. In aka yi kiran salla ku ajiye komai. Ku yi cajin kwamfuta da wayoyi tun da wuri, wuta ba ta da alkawari.

Ku yi kiɗan tare, gaba ɗaya, kamar a gaban jama'a, muryar kaɗai za a ɗora daga baya. Waya biyu sun ishe mu: ɗaya taku biyu daga ganguna, a tsayin gwiwa, ɗaya tafin hannu guda daga lasifikar gita, a ɗan karkace. Sa su a yanayin jirgin sama, kashe abin rage hayaniya na manhajar ɗaukar sauti, in ba haka ba wayar za ta ɗauki gangarka a matsayin hayaniya ta shafe ta. Kafin kowace waƙa mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin shi za ka gani kamar tsini a kwamfuta, da shi za ka daidaita sautin wayoyin biyu. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa haɗawa. Ka lura kada ma'aunin sauti ya taɓa ja. Gurnanin lasifika daɗi ne da shi, fashewar sauti a kwamfuta kuwa ciwon kunne ce kawai. Kada ku maimaita waƙa fiye da sau uku a dare ɗaya, ta huɗu fushin ya huce, sai ƙwarewa, ita kuwa ba ku da ita. Na'urar nan mai gyara murya da ta cika waƙoƙin finafinai, a bar ta. Murya ta fito sama da komai, tunda maganar ce kan gaba. In ka gama, kada ka yanke hukunci da abin sauraro na kunne. Tura wa ƙaramar waya mai maɓalli, ka je wajen mai shayi ka kunna a cikin surutu. In an ji baitin a can, ya yi.

Akwai wata dabara da na aro daga ƙungiyar Crass ta Ingila. A faifansu na 1978, ma'aikatan kamfanin buga faifai a Ayalan sun ƙi buga waƙa ɗaya saboda sun ga saɓo ne, sai ƙungiyar ta bar gurbin shiru na minti biyu, ta sa masa suna sautin 'yancin magana. A kan waccan waƙar, da ina cikin ma'aikatan da ni ma na ƙi. Amma dabarar ta burge ni. Muna da waƙa ta goma da muka yi gardama a kanta har dare uku, biyu na so biyu na tsoro, a ƙarshe muka cire ta, muka bar shiru na daƙiƙa talatin tsakanin ta shida da ta bakwai. Har yau ana zuwa shago a ce mini fayil ɗin ya lalace.

Daga Crass ɗin dai na ɗauko rubuta farashi a jikin bango don kada ɗan kasuwa ya tsawwala. Mu namu bangon takarda ce baƙi da fari daga injin kwafi, hoton akwatin ƙuri'a da buhun shinkafa a ciki, a ƙasa muka rubuta: kyauta ne, wanda ya sayar maka ya cuce ka. Ba sunayenmu, ba hotunanmu. A Yelwa kowa ya san mu, ba ɓuya muke ba, amma ba dole ne mu sauƙaƙa wa wanda ke zaune a ofis aikinsa ba. Ka duba bayanan da ke cikin fayil ɗin ma kafin ka tura, kwamfuta takan liƙa sunan mai ita.

Rabawa ba ta da wuya. Mai da waƙoƙin MP3 a ma'aunin 128, kowane minti kusan megabait ɗaya, namu duka bai kai 25 ba. Ka kai wa masu tura waƙa a kasuwa da tashar mota, ka ce su zuba wa duk wanda ya kawo memori. Xender da Bluetooth za su yi sauran, ba sa buƙatar intanet, ko an tsinke layi suna tafiya. A WhatsApp ka tura a matsayin takarda, kada ka tura kamar saƙon murya.

Ga kuskuren da muka yi, kada ka maimaita. Wani ya yanki daƙiƙa ashirin daga waƙar atamfa, ya ɗora hoton ɗan takararsa a kai, ya sa a TikTok, abin ya yaɗu fiye da faifan kansa. Mun ci gwajin motar kamfen a kan cikakkiyar waƙa, ba mu yi tunanin almakashi ba. Maganinsa tun a rubutu yake: kowane amshi, ba baiti kaɗai ba, ya ƙunshi abin da zai ciji duk wanda ya ɗauke shi. Da mun sa "ko wace kala ce atamfar" a cikin amshin, da ba wanda ya iya yanka ta.

In kuna son yin wasa a gaban jama'a, dokar 1990 ta ce taron jama'a sai an sanar da ofishin sufurefe, wato jami'in mulkin gunduma, kwana uku kafin ranar, kuma sanarwar ba ta hana a zo a ce an hana. Mu ba mu kai can ba. Sau biyu muka yi wasa, duka a tsakar gida, ɗaya a sunan ɗan mai gangarmu, bayan mata sun gama nasu. Ainihin fayilolin kuwa kada su zauna a wayarka ko a kwamfutar shago. Ka zuba su a memori biyu, ɗaya a wajen wanda ba ya cikin ƙungiyar. Tawa tana cikin gwangwanin allurar Inna, ta ce in na sake barin mata tsakar gida da igiyoyin lantarki za ta jefa fanken a rijiya.